Ɗaliban Duwala, Ga Aiki a Ƙofar Gida

 Edita, ka ba ni fili in yi kira ga ɗalibanmu na Jami'ar Duwala.

Boko Haram ta koro yara daga Mora da Kolofata, rikicin yankunan masu Turanci kuma yana koro wasu tun 2016. Ga su nan a unguwar New Bell, tire a ka, suna tallan gyaɗa. An ce firamare kyauta ce tun 2000, amma kuɗin ƙungiyar iyaye yana nan daram, kuma marar takardar haihuwa ba ya zama jarrabawar kammala firamare ta CEP.

Ku da kuka iya Faransanci, ku bi gida-gida ku rubuta sunayen yaran nan, ku raka iyayensu neman takardar. Limamai, ku ara musu harabar masallaci don darasin yamma.

Mai karatunku,
New Bell, Duwala