Buji ƙarami ne, amma zaɓensa ba wasa ba ne

Duk motar da ke shan isansi, da buji take tafiya. Shi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna mai da iska a cikin inji. In ya gaji, mota ta riƙa wuyar tashi, ƙarfinta ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ke nan sai an sake shi. A nan ne direbobi da masu kula da motocin gwamnati da yawa ke tuntuɓe: sukan ɗauki wanda ya fi araha, ko wanda ya yi kama da tsohon a ido.

Kama da wane ba ta wane. Kowane inji yana da lambar bujin da maƙeransa suka tsaida, tana rubuce cikin littafin motar. Lambar tana nuna kauri, da tsawo, da yadda bujin ke fid da zafi. Wanda ya cika tsawo yana iya bugun fiston. Wanda ke riƙe zafi fiye da kima yana kunna mai kafin lokaci, har ya huda fiston. Wanda ke saurin sanyi kuwa, hayaƙi ke toshe bakinsa. Lambobin kamfanoni ma ba ɗaya ba ne: wajen NGK, babbar lamba buji mai sanyi ce, wajen Bosch kuwa mai zafi. Saboda haka ba a musanya wani da wani da ka.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasa irin Nijar, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, garuruwa kuma suna nesa da juna. Motar asibiti da ta mutu tsakanin Tawa da Agadas da majinyaci a ciki, ba kuɗi kaɗai ta ɓata ba.

Wajibi ne mai saye ya tafi da lamba a rubuce, ya nemi amintaccen kanti, domin jabu ya cika kasuwa. A sake bujin duka a lokaci guda, iri ɗaya. Makanike ya duba bakin tsohon: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi ko fari fat alamar akwai gyara a inji. Shugabannin ma'aikatu kuma su sa a rubuta lamba da kilomita duk ran da aka sake. Motar gwamnati dukiyar talaka ce, kuma araha ba ta ado.