Baba, DT ba rawani ba ce

Ni dai ban yarda da yadda dattawanmu ke sayen tsohuwar DT 125 don a ce sun hau doguwar moto ba. In ta ƙi tashi, kada ku bari makanike ya fara da kwance inji. A duba buji, a wanke matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, a fidda dattin man kwalba daga karbirato. Amma ko ta gyaru, gwiwar ɗan shekara 65 ba ta bugun kik sau goma ba ce. A yashin Tahoua, ku nemi marar nauyi, wadda ƙafa biyu ke taka ƙasa. In DT ta danne Baba, wa zai ɗaga ta?