Ƙugin Lasifika: Cutar da ke Ɓata Biki, da Maganin da ke Kashe Mai Shi

Duk wanda ya taɓa halartar bikin aure a cikin garin Bauchi, ko a Jahun ne, ko a Yelwa, ko a Fadaman Mada, ya san wannan abu. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, mai kiɗa ya kafa lasifikoki manya manya, sai a ji wani ƙugi yana fita daga cikinsu kamar an tsokano amyar zuma, tun ba a buga komai ba. Mawaƙi ya kama makirufo, muryarsa na fita, ƙugi na biye da ita. Iyayen biki su ɓata rai, mai kaya kuwa ya koma gida da rabin kuɗinsa, kuma ba a sake kiransa.

To, wannan ƙugi ba aljani ba ne, ba kuwa sammun abokan sana'a ba ne. Muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Jos ke kawowa Bauchi tun bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kamar wadda NEPA ta riƙa kawowa tun daga 1972, tana kaiwa da komowa ne sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan ɗan kaɗan daga cikinta ya sulale ya shiga hanyar da murya ke bi, amfilifaya ba ta san bambanci ba: sai ta haɓaka shi tare da waƙar. A Amurka, inda wutarsu ke juyawa sau 60, ƙuginsu ya ɗan fi na nan tashi.

Ta ina ɓarawon ke shiga? Babbar ƙofarsa ita ce a jona kaya a soket daban daban. Alal misali, an jona fiyano da miksa a shagon maƙwabci, amfilifaya kuwa an ja mata wuta daga cikin gidan biki, sa'an nan aka haɗa su da wayar murya. Kowane ɓangare yana da tasa wayar ƙasa, watau wadda masu aikin wuta ke kira atin, amma ƙarfin da ke kansu bai zo daidai ba. Wannan ɗan bambanci shi ke tura wuta ta bi ta rigar wayar murya, ta yi ta zagaye. Maganinsa kuwa bai fi kuɗin soket mai baki da yawa ba: a ɗauko wa kayan sauti duka wuta daga wuri guda, muddin nauyinsu bai wuce abin da filogin zai iya ɗauka ba, wanda ga filogi mai amfa 13 bai wuce wat dubu uku ba. Firiji da fanka da fitilun ado a nema musu wani layi.

Ƙofa ta biyu ita ce wayoyin kansu. Siririyar wayar da ake haɗa fiyano da ita, in ta yi tsawo, sai ta zama tamkar eriyar rediyo, ta kwaso duk hayaniyar da ke kusa. Kada ta wuce mita biyar ko shida. In tafiyar da nisa, sai a nemi waya mai ƙafa uku irin ta makirufo. A cikinta akwai tagwayen wayoyi a murɗe, hayaniya na shiga kowace daidai wa daida, miksa kuma ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, hayaniyar ta mutu, murya ta wuce. Dabarar murɗa waya tsohuwa ce, Alexander Graham Bell ya yi rajistarta tun 1881 domin wayar tarho. Bugu da ƙari, kada a ɗaure wayar murya da ta wuta a dami guda. In ba makawa sai sun haɗu, to, ɗaya ta gitta ɗaya kamar mararraba.

Mai gyara na ƙwarai da kunne yake fara aiki. Ƙugi mai kauri daga wayoyi yake. In ya ɗan fi tashi, kuma yana nan ko an zare komai daga amfilifaya, to, kafasitocin da ke tace wutarta ne suka bushe, abin da zafin watan Afrilu ke gaggautawa. Ƙara mai kaifi kamar ta ƙudan zuma a kwalba, a duba cajar kwamfuta ko invata mai araha. Wani tit-tit-tit da aka fara ji bayan zuwan wayar salula a 2001, na wayar da aka ajiye kusa da miksa ne. In kuwa ƙugin na hawa da sauka, janareto ne ke shan wuya, domin ƙaramin janareto sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da wuta daidai. Hanyar kama ɓarawo ita ce a zare komai, a bar amfilifaya da lasifika, a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka jona ƙugi ya dawo, shi ne.

Yanzu sai babbar magana. Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin yaran masu kiɗa: a karya doguwar ƙafar filogi, ko a yanke wayar ƙasa. Gaskiya ne, sau da yawa ƙugi na ɗaukewa nan take. Amma wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Wayar nan ita ce hanyar da wuta za ta bi ta tsere ranar da wani abu ya lalace a cikin amfilifaya. In babu ita, wutar sai ta kwanta a jikin ƙarfen, ta bi waya har zuwa makirufo, ta jira leɓen mawaƙi ko hannun ƙawar amarya. A watan Mayu na 1972, a garin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin gita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa a gaban 'yan kallo, ya mutu yana da shekara 27. Wutar ƙasarsu da ta Nijeriya kuwa ƙarfinsu ɗaya.

Wanda ƙugi ya ƙi bari, akwai ƙaramin akwati mai tiransifoma a ciki da ake sa wa a kan wayar murya. Yana yanke zagayen wutar ba tare da an taɓa wayar ƙasa ba. Haka kuma ya kamata a kafa wa janareto sandar ƙarfe a ƙasa. Ƙasar Bauchi tana da duwatsu, da rani kuma takan bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Saboda haka a kafa sandar da zurfi, a riƙa jiƙa gindinta. Akwai kuma makunnin da ke yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa, wanda kuɗinsa bai kai na lasifika ɗaya ba.

Tun da fiyano ya shigo waƙar Hausa tare da finafinan Kano a shekarun 1990, matasa da yawa ke ci da wannan sana'a, amma akasarinsu da ido suka koya. Garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya bai kamata a ce masu kiɗansa na karya filogi ba. Horon kwana biyu ga shugabanninsu zai wadatar. Su ma masu biki da hakki a kansu: kafin a ba da kafin alƙalami, a ce a ga filogi. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya kiyaye, ya sa a yi biki lafiya a watse lafiya.