LAIFI TUDU NE

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata cuta da ta kan tashi kowace shekara da zarar sakamakon jarrabawa ya fito. Alamarta ita ce yaro ya faɗi, sa'an nan ya shiga neman wanda ya kā da shi. Wannan ya ce malamin lissafi ba ya ƙaunarsa. Wancan ya ce kishiyar uwarsa ta yi masa sammu. Wani kuwa ya karkata kai ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba makawa. Ka bi aji guda kaf, da wuya ka sami mai cewa, "Ni na kā da kaina." Hausawa sun yi gaskiya da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, bari mu binciki waɗannan maƙiya ɗaya ɗaya. Malamin da aka ce ba ya ƙaunarka, shi ne ya hana ka tambaya ran da aka koyar da raba dogo ba ka gane ba, ka yi shiru don kada abokai su yi maka dariya? Kishiyar uwarka ce ta riƙe ka wurin hira har dare ya raba, gari ya waye kana gyangyaɗi bisa benci? Ku ɗauki alli ku lissafa. Yaron da ke zubar da awa 1 kowace rana, cikin kwana 30 ya zubar da awa 30. In ana karatun awa 5 a yini, watau ya yi fashin kwana 6 ke nan cikin wata guda, alhali sunansa bai taɓa fita cikin rajista ba. Wane boka ne ya iya sammun da ya kai wannan? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu fakewa da ƙaddara su suka fi ba mu haushi, domin sun ɗauki kalma mai girma sun mai da ita bargon ragwanci. Su dubi abin da ya faru a Uhudu, kusa da Madina, cikin shekara ta 3 bayan Hijira, watau 625. Musulmi wajen 700 suka kara da Kuraishawa wajen 3,000. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsai da maharba 50 bisa wani tudu, Abdullahi ɗan Jubairu na shugabansu, ya umurce su kada su sauko ko an ci nasara ko ba a ci ba. Da fari Kuraishawa suka watse. Da maharban suka ga haka, yawancinsu suka sauko ɗibar ganima, shugabansu na kiransu ba su tsaya ba. Halidu ɗan Walidu, wanda sa'an nan bai musulunta ba, ya ga tudun ya zama wofi, ya kewayo da dawaki ta baya. Aka kashe Musulmi wajen 70, har da Hamza baffan Annabi. Da aka yi ta tambayar daga ina wannan masifa ta fito, amsar da ta sauka cikin Suratu Ali Imrana ta mai da al'amarin gare su, kana aka yafe musu. Mutanen nan sun fi mu imani da ƙaddara nesa ba kusa ba, amma ba a bar su sun ɓuya bayanta ba. Kai wane ne da za ka bar tudunka, sa'an nan ka ce rubutu ne?

Akwai kuma masu cewa babu littattafai, babu fitila, babu kaza. Ku tuna cikin 1933, sa'ad da Dokta East na Ofishin Talifi a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausar boko, littattafan hira irin waɗannan kusan babu su. Malam Abubakar Imam, yana malamin Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Su da suka iske rumbu wofi suka yi noma suka cika shi. Kai da ka iske tuwo a akushi, kukan me ka ke yi?

Kada wani ya ce mun manta da masu uzuri na gaskiya. Labudda akwai yaron da ciwo ya kwantar, akwai wanda talauci ya fitar daga aji, akwai kuma malami azzalumi. Waɗannan ba mu zarge su ba, hakkinsu yana wuyan manya. Amma ga ma'auni mai sauƙi. Ka sami takarda ka ja layi a tsakiya. Dama ka rubuta abin da ya fi ƙarfinka, hagu ka rubuta abin da ke hannunka: barcin safe, jinkirin aikin gida, kunyar tambaya, abokin banza, barin bita sai daren jarrabawa. Ka rubuta tsakaninka da Allah, ba mai dubawa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa. In hagu ta fi dama tsawo, to, ka kama ɓarawonka, yana cikin rigarka.

Kuma wannan bushara ce gare ka. Da laifin na malam ne ko na kishiya, da ba ka da dabara sai jira, domin ba ka iya sake halin wani. Amma tun da naka ne, gyaransa na hannunka tun daren yau. Ka zaɓi abu guda daga hagun takardar, ka kashe shi cikin wannan mako, mako mai zuwa ka kama na biyu. Ka tafi wurin malamin nan da ka ke zargi, ka durƙusa ka ce, "Malam, ban gane wuri kaza ba." Kunyar minti guda ta fi ta shekara guda sauƙi.

Iyaye kuma, ku daina taya 'ya'yanku neman maƙiya. Kuɗin da za ku kai wa boka, ku sayi kananzir da littafi. Wanda aka saba masa da ɗora laifinsa bisa wani tun yana yaro, ran da ya zama akawu ko alƙali ko hakimi, talakawa zai ɗora wa.

Allah Ya ba mu ikon ganin tudun da mu ke take, amin.