Muhimmancin Koyar da Rubutun Gajeren Fim a Ajin Hausa

Wasan kwaikwayo ɗaya ne daga cikin manyan rassa uku na rubutaccen adabin Hausa, tare da zube da waƙa. An daɗe ana nazarin littattafai irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu a makarantu, amma ba kasafai ake koya wa ɗalibi yadda zai rubuta wasan da za a ɗauka da kyamara ba. Wannan giɓi ne da ya kamata malamin Hausa ya cike.

Tarihi ya nuna cewa fim ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa ake zagaya ƙauyuka da majigi, ana nuna fina-finan ilmantarwa irin su Baban Larai. A shekarar 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, sannan a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ya buɗe ƙofar fina-finan bidiyo. Sai dai yawan fina-finai bai kawar da kukan masu kallo game da raunin labari da aron al'adun Indiya ba. Tushen wannan rauni shi ne rubutu, domin ginin da aka aza a kan tubalin toka ba ya daɗewa.

Rubutun fim ya bambanta da na zube. Marubucin zube yana iya cewa manomi na cikin damuwa, shi kuwa marubucin fim dole ya nuna shi tsaye a bakin rumbu yana leƙa ragowar hatsi. Kowace fitowa tana buƙatar a faɗi wuri da lokaci da abin da ido zai gani, kafin a zo ga maganar 'yan wasa. A ƙa'ida, shafi ɗaya yakan yi kusan minti ɗaya a allo, wato shafi biyar ya ishi mai koyo.

Alal misali, malamin da aka tura yankin Bacirawa ba ya buƙatar neman jigo daga nesa. A karkarar Kano gonaki a haɗe suke, ana noma su kowace shekara ba hutu, abin da ke riƙe su kuwa shi ne takin dabbobi da toka da haɗa gero da wake a gona ɗaya. Ɗalibai na iya tsara tambayoyin da za a yi wa dattijo, su jera abin da za a ɗauka daga sharar gona zuwa girbi, sannan su rubuta bayanin mai sharhi. Ta haka za su koyi ƙa'idojin rubutu da taƙaita zance, su kuma adana kalmomin noma da ke ɓacewa yayin da gidaje ke cinye gonaki.

Wasu na ganin harkar fim tana ɓata tarbiyya, don haka bai dace ta shiga aji ba. Damuwarsu abar dubawa ce, amma yaro zai kalli fim ko da malami ko babu. Wanda ya san yadda ake ƙulla labari ya fi iya bambance tsaki da tsakuwa a abin da yake kallo. Wasu kuma na kukan rashin kayan aiki, alhali rubutun ba ya buƙatar komai sai takarda da alƙalami, ɗaukar kuwa wayar hannu ta wadatar.

Saboda haka, ya dace kowane ɗalibin malanta ya gwada rubuta gajeren fim ɗaya kafin ya fita koyarwar gwaji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.