Ku Daina Miƙa Mana Tsumman Bidiyo

Mai ɗaukar bidiyon da ya karɓi kuɗin biki cif, ya yini yana dalle wa jama'a fitila a ido, bayan mako biyu ya turo aikin ta WhatsApp ya ce "Alhaji, an kammala", wannan ya ci amana. Ba ni da wata kalma mai laushi da zan ba shi, kuma ba na nema. Abin da ya fi ƙona rai shi ne amsar da suke bayarwa in an koma neman na asali: "Wallahi ranka ya daɗe mun goge, memorin ne ya cika, ga wani bikin ranar Asabar."

Ba da matse bidiyo nake rigima ba, don in babu shi babu mai kallon komai a waya. Hoto guda na bidiyon da ake kira 1080p yana da ɗigo sama da miliyan 2, nauyinsa ya haura megabait 6 in ba a taɓa shi ba, kuma irinsa 30 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Minti guda ke nan ya kai gigabait 11. Shi ya sa ita kanta kyamarar take matsewa tun wurin ɗauka. Dabarar da ta fi yaɗuwa, H.264, tun 2003 ake aiki da ita: a ajiye hoto ɗaya cikakke, waɗanda ke biye da shi kuma a rubuta abin da ya motsa kawai, sannan a zubar da duk abin da ake zaton ido ba zai lura da shi ba. Abin da aka zubar ya tafi har abada. Babu manhajar da za ta dawo da shi, sai dai ta yi ƙage ta cike gurbin.

To, ku duba inda wannan dabara ke tuntuɓe. Malamin da ke zaune yana tafsiri, bangon bayansa ba ya motsi, leɓensa da hannunsa ne kawai ke aiki, ko an matse shi sosai zai fita da mutuncinsa. Bikinmu fa? Ana rawa, ana liƙi, takardun kuɗi na yawo a iska, leshi da duwatsunsa na walƙiya, fitilu masu launi na juyawa, ɗakin taron kuma rabinsa duhu. Babu abin da ke tsaye. Komai na canzawa daga hoto zuwa hoto, manhaja kuwa an ƙayyade mata nauyin da ba za ta wuce ba, sai ta farfasa fuskoki zuwa 'yan murabba'ai. Hawan Daushe ma haka: dawaki, ƙura, rawuna, lifidi, dubban kawuna. Wato abubuwan da muka fi son ajiyewa su ne suka fi shan wahala a hannun matsewa. Duk wanda ya kira kansa ƙwararre ya san wannan. In bai sani ba, me ya sa yake karɓar kuɗin ƙwararru?

Haka aka yi wa 'yar ƙanwata. An zo da kyamarori har da mai tashi sama, amma a abin da ya rage hannunmu, lallen da aka kwana ana zana mata ya koma baƙin tabo, kakarta kuma sai an nuna da yatsa an ce "ga Hajiya nan" kafin a yarda ita ce.

WhatsApp ba ta ɓoye abin da take yi ba. In ka tura bidiyo ta hanyar da aka saba, tana rage shi zuwa 480p. A 2023 ta ƙara zaɓin HD, shi ma 720p ne, kuma matsewa ce dai. A yi mata adalci: tura saƙo kai tsaye daga zaure zuwa zaure ba ya ƙara lalata shi. Ɓarnar tana zuwa ne in wani ya sauke ya ɗora a sitatus, wata ta kwafo daga fuskar wayarta ta kai TikTok, wani ya ciro daga can ya manna sunan shafinsa ya sa a Facebook, daga nan ya sake dawowa zauren dangi. Kowane zango sabuwar matsewa ce a kan tsohuwa, kamar atamfa mai zuba da ake ta maimaita wa wanki, har ta zama tsumma.

Masu ɗauka za su ce data ta yi tsada. Gaskiya ne, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a jikinsa. Amma wa ya ce sai ta intanet za a miƙa aiki? Filash nawa take a kasuwar Farm Centre, in aka gwada da kuɗin da aka biya na ɗauka? Yaran da ke turin finafinai a bakin titi, da kebul da Xender suke kwafe fayil yadda yake, ba su rage masa komai, ba su ƙona data ko ta sisi. In ma dole sai WhatsApp ɗin, tun 2022 ta yarda a tura fayil har gigabait 2 a matsayin takarda, kuma ta nan ba ta taɓa shi. Akwai HandBrake, manhajar kyauta, wadda mutum zai zauna ya matse da hannunsa, ya zaɓi girman da yake so, ya duba kafin ya tura. Akwai H.265 da ta fito a 2013, mai ba da kusan rabin nauyi a inganci iri ɗaya, ko da yake wasu tsofaffin wayoyi ba sa buɗe ta. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Lalaci ne, da raina mai biya.

Mu ma masu biyan ba mu fita ba. Mu ne ke damun mai ɗauka da waya tun daren biki, a turo mana "ko ɗan guntu ne" mu sa a sitatus kafin na wance ya riga namu. Da an samu wannan, shi ke nan, an manta da sauran. Akwai kuma ɗan'uwan nan, kowane dangi na da irinsa, da ya sayi sabuwar iPhone yake ɗaukar 4K, minti ɗaya megabait 400, ya jefo shi zaure a matsayin takarda don a san ya iso. Inna a ƙauye ta danna, datar wata guda ta tafi, bidiyon bai ma buɗe ba. Shi ya ƙi matsewa inda ya kamata, mai ɗaukar biki kuwa ya matse inda bai kamata ba.

Abin ya wuce biki. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro da Turmin Danya a 1990, a kaset. Daga baya aka koma faifan VCD mai ɗigo 352 a 288, sai zamanin 3GP da bulutut. Nemi tsofaffin finafinan da suka yi tashe a kasuwar Ƙofar Wambai a intanet yau, akasarin abin da za ka tarar dishi-dishi ne, kwafin kwafi, sauti na shaƙewa. Mutanen wancan lokaci suna da uzuri, iyakar abin da zamani ya ba su ke nan. Mu da muke riƙe da kyamarorin da ko a mafarki ba su gani ba, mu bar wa jikoki abin da bai fi nasu ba? Sannan bidiyon da ya sha matsewa lambar mota ba ta karantuwa, allon shago ya dushe, bayanin ranar ɗauka ya ɓace. Irinsa ne masu ƙarya ke ɗaukowa daga wata ƙasa ko wata shekara su ce jiya aka yi a garinku.

Saboda haka duk mai shirin biki ko suna ko saukar karatu, ya faɗa tun wurin ciniki, a gaban shaida: kwafi biyu yake so. Ƙarami na turawa, da na asali a filash, kuma ba a goge komai sai ya buɗe a kwamfuta ko talabijin ya gani da idonsa. Cikon kuɗi ya zauna a aljihu har ranar. In mai ɗauka ya fara sosa ƙeya yana cewa "ai Hajiya duk ɗaya ne", a tattara a nemi wani, garin cike yake da masu kyamara.