Gwarazan Da Ba A Yi Wa Kirari

  

Idan ana son a gane lafiyar al'umma ko cutarta, to a dubi waɗanda take girmamawa. A ƙasar nan duk ɓarawon da ya kwashe dukiyar talakawa, ya gina gida mai hawa uku, shi ne ake naɗa wa rawani, a rataya masa lambar yabo, maroƙa su yi ta wasa shi har muryarsu ta dushe. Amma mutumin da ya shiga cikin wuta ya fito da yaron da bai san ko ɗan wane ne ba, ko wanda ya kwana a maƙabarta yana sara ƙasa domin a suturta gawar Musulmi, wannan ko sunansa ba a tambaya. Wannan juyin waina abin takaici ne, kuma wajibi ne matasan da suka ce sun tashi domin addinin Allah su zama na farko da za su gyara shi.

Ga misalai nan birjik, waɗanda ba su buƙatar dogon bincike. Ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba, 2014, aka tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Kano, aka buɗe wa masallata wuta, mutum sama da 100 suka rasu. A lokacin da kowa ke neman inda zai tsira da ransa, su wane ne suka juyo? 'Yan agaji ne, da masu Adaidaita Sahu, da samarin unguwa, suka riƙa ciccibar waɗanda suka ji rauni zuwa asibiti, rigunansu jina-jina, wasu kuma suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu domin mutanen da ba su taɓa gani ba. Ina sunayensu a yau? Wane titi aka sa wa sunan ɗaya daga cikinsu?

A watan Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano, masu haƙar kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce misali. Daga baya Ministan Lafiya na Tarayya ya ce mutum 979 ne suka rasu a ɗan wannan tsakanin. A kwanakin nan manya sun kulle ƙofofinsu saboda tsoron annoba, amma waɗannan bayin Allah suna nan da diga da shebur tun asuba har magariba, ba albashin kirki, ba safar hannu, sai abin da dangin mamaci suka ɗan miƙa. Haka ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da jirgin ruwa ya kife a Bagwai da ɗaliban Islamiyya a ciki, aƙalla mutum 29 suka rasu, masunta da gwanayen ninƙaya na yankin suna cikin waɗanda suka riƙa nutso suna lalubo 'ya'yan mutane. Haka a Satumbar 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara 30 cif bayan irin wannan ta auku a 1994, masu kwale-kwale da samarin gari sun kwashe tsofaffi da mata da yara daga kan rufin gidaje, wasu kuma suka ɗora tukwane suna ciyar da waɗanda suka rasa matsuguni.

Akwai kuma dattijon nan, Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya yi limancin ƙauyen Nghar da ke Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato. A watan Yunin 2018, yana da shekara 83 a duniya, mahara suka afka wa yankin, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, sannan ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi miƙa ko mutum ɗaya. Ba shi da makami, ba shi da 'yan rakiya, sai tsoron Allah da ya cika masa zuciya har ya kore tsoron mutum. Abin kunya, sai da gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019 sannan ta gida ta biyo baya da tata a 2022.

Wanda ya karanci tarihin Musulunci ya san cewa ba haka magabata suka yi ba. A Madina akwai wata baiwar Allah baƙar fata da ke share masallacin Manzon Allah (SAW). Ta rasu, aka yi mata sutura ba a sanar da shi ba, domin an ga kamar al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya neme ta bai gan ta ba, aka gaya masa, sai ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je da kansa ya yi mata salla. Shugaban halitta ke nan a kan kabarin mai shara. Akwai Rufaida Al-Aslamiyya (RA), wadda ta kafa tantinta a masallaci tana jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan an harbe shi da kibiya a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. Aikin agaji ke nan a cikin masallaci, a gaban idon Manzo.

Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) kuwa, da ya kafa diwani domin raba dukiyar baitulmali, bai fara da masu kuɗi ba. Waɗanda suka halarci Badar ya fifita, ya yanka wa kowannensu dirhami 5,000 a shekara. Wata rana yana rabon tufafi ga matan Madina, mayafi mai kyau guda ɗaya ya rage, aka ba shi shawarar ya bai wa matarsa, jikar Manzon Allah, sai ya ƙi, ya ce Ummu Saliɗ ta fi cancanta, domin ita ce ta riƙa ɗauko salkunan ruwa ga mayaƙa ranar Uhudu. An yi shekaru da yaƙin, amma shugaban Musulmi bai manta da mai ɗebo ruwa ba. A tsarin Musulunci wahalar da mutum ya sha domin jama'a bashi ce a wuyan jama'a.

Tsarin zalunci kuwa ɗabi'arsa ita ce ya tsotse rake ya yar da ɓawo. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun kwashi dubban samarin ƙasar nan, da yawansu Hausa ce harshensu, suka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka kai su dazuzzukan Bama tsakanin 1943 da 1945 su yaƙi Japanawa a kan rigimar da ba su san mafarinta ba. Har yau barikin Chindit na Zariya da barikin Kalapanzin na Kaduna suna ɗauke da sunayen da suka samo asali daga wancan yaƙi. Bariki ya sami suna, amma mutanen da suka zubar da jini an sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba, da yawa suka ƙare a gadin gidajen masu kuɗi. A Thiaroye ta ƙasar Senegal, ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojoji baƙar fata da suka dawo daga Turai, laifinsu kawai sun nemi a biya su haƙƙinsu. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, aka harbe tsofaffin sojoji uku da ke tattaki domin kai kukansu ga Gwamna Bature. Waɗanda suka gaji mulki daga Turawa ma ba su sake zane ba. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru da sunan tunawa da 'yan mazan jiya, sannan a koma gida a bar tsofaffin sojoji da zawarawansu suna layin fansho cikin rana. Darasi biyu ne a nan ga matashi. Na farko, duk wanda ya ba da ƙarfinsa ga azzalumi to ya shirya ganin ranar da za a jefar da shi. Na biyu, wannan tsoho gurgu da ke zaune a ƙofar zaure, shi ma rarrauna ne da aka ci moriyarsa, haƙƙin maƙwabtaka da na furfura suna kansa, kuma ba su faɗi ba.

Wani ɗan'uwa zai ce, ai wanda ya yi domin Allah ba ya buƙatar yabon mutum, hasali ma yabo yana jawo riya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an haɗa wajibai biyu da ba na mutum ɗaya ba. Ikhlasi wajibi ne a kan mai aikin, shi zai tsare zuciyarsa kada ya nemi a gan shi. Godiya kuwa wajibi ce a kan waɗanda aka yi wa aikin, kuma Manzon Allah (SAW) ya karantar da cewa gode wa mutane ɓangare ne na gode wa Allah. Ikhlasin ɗan agaji ba zai zama hujjar rowar jama'a ba. Wanda ya ga mai haƙar kabari ba takalmi a ƙafarsa, ya ce masa ladanka na wajen Allah, ya wuce da kuɗi a aljihu, wannan ya fake ne da addini domin ya ɓoye maƙonsa.

Wani kuma zai ce wannan aikin hukuma ne. Haka ne, kuma ba za a daina tuhumarta ba. Motar kashe gobara da ke isowa ba ruwa, da asibitin da ke neman kuɗi kafin a taɓa mai zubar jini, duk alhakinsu na wuyan masu mulki. To amma jifan 'yan kwana-kwana da wasu samari ke yi idan sun makara zalunci ne a kan zalunci, domin ba direban motar ne ya cinye kuɗin mai ba, kuma shi ne wanda gobe zai ɗaura igiya a ƙugu ya shiga rijiya ya fito da ƙanen mai jifan. Sannan ceton rai da suturta mamaci farillan kifaya ne. Idan wasu suka yi, sun ɗauke wa kowa, idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ashe waɗannan mutane da ake raina wa, zunubi suke ɗauke wa gari baki ɗaya. Aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida ta isa ta nuna girman ceton rai guda a wurin Allah.

To yaya ake karrama su? Taron cin abinci a otal da rabon takardar yabo ba ya kai yaro makaranta. Karramawa ta gaskiya ita ce kowane masallacin Juma'a ya san 'yan agajinsa da masu haƙar kabarin maƙabartarsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe masu asusu, ko da naira ɗari-ɗari ce kowace Juma'a, domin jinyarsu da karatun marayunsu. A saya wa masu maƙabarta diga da shebur da takalman roba da fitila. A saya wa masu fito rigunan kariya daga nutsewa. A ziyarci tsohon soja da zawarar ɗan sa-kai da ya rasa ransa wajen kare unguwa, irin samarin Maiduguri da suka tashi da gora a 2013. A ambace su a huɗuba, a yi masu addu'a a majalisi, a fara da gidajensu ranar rabon zakkar fidda-kai da naman layya. Kuma idan ɗan agaji ya zo neman aure, kada a hana shi don ba shi da mota.

Mafi girman karramawa kuwa ita ce a gaje su. Kaico da matashin da zai iso wurin haɗari ya zaro waya yana ɗaukar hoton ɗan'uwansa yana shure-shuren mutuwa, domin ya riga kowa sawa a Facebook. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Da a ce akwai samari ashirin masu horo, da jama'a ke jin maganarsu, waɗanda za su ja daga su hana kowa matsowa, Allah kaɗai Ya san rayuka nawa za su tsira. Saboda haka kowane ɗan'uwa ya koyi yadda ake danne rauni a tsayar da jini, da yadda ake kwantar da wanda ya suma a kan gefensa, da yadda ake ɗaga wanda ya karye ba tare da an ƙara masa ciwo ba. Ya koyi wankan gawa da haɗa likkafani. Ya san rukunin jininsa, domin namiji lafiyayye yana iya bayar da jini bayan kowane wata uku ba tare da ya cutu ba.

Su ma masu kaki da hula akwai nasiha a gare su. Kakin agaji amana ce. Wanda ya sa shi ya koma yana daka wa tsofaffi tsawa a sahu, ko yana buɗe wa mai babbar riga hanya yana tunkuɗe talaka, ya zubar da ladansa, ya kuma ɓata wa 'yan uwansa suna. Ɗan sa-kan da ya mayar da kansa alƙali, yana kama mutum ya yanke masa hukunci da sanda, ya koma cikin sahun waɗanda ya fito yaƙa. Haka nan bambancin ƙungiya ya tsaya a bakin ƙofar gobara, domin wuta ba ta tambayar ko gidan ɗan ɗariƙa ne ko na ɗan Izala, kuma limamin Nghar bai tambayi addinin waɗanda ya ɓoye ba.

Ya ku samarin Musulmi, jaruntaka ba ta ƙare a kabbara da ɗaga murya ba. Wanda ba zai iya tashi ƙarfe biyun dare ya kai maƙwabciya mai naƙuda asibiti ba, da wuya ya iya ɗaukar nauyin da ya fi wannan. A wannan Juma'ar, kafin kowa ya koma gida, ya nemi ɗan agajin da ya tsaya cikin rana yana tsare masa takalmi da abin hawa yayin da yake salla, ya miƙa masa hannu, ya tambayi sunansa, ya tambayi lafiyar iyalinsa.

Allah Ya saka wa duk mai hidima ga bayinSa da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu wajen ceton wasu, Ya raya abin da suka bari, Ya kuma kawo ƙarshen tsarin da ke ɗaukaka ɓarawo ya wulaƙanta mai gaskiya. Amin.